Gwafa da igiya: ina iyakar tallafa wa wanda ya karkata?

Godiya ta tabbata ga Allah Wanda ke fitar da ɗanyen tsiro daga busasshiyar ƙasa. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi sawunsu da kyautatawa.

Bayan haka, Mirriya gari ne na itatuwa tun da daɗewa. Tana gabas da birnin Damagaram da kimanin kilomita 20, kuma kafin sarakunan Damagaram su shigar da ita ƙarƙashin ikonsu tana cikin ƙasashen Sosebaki tare da Dungas da Waca. Matafiyin nan na Jamus, Heinrich Barth, wanda aka sani a ƙasar Hausa da Abdulkarim, ya ratsa ta a watan Disamba na 1852 a kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Damagaram, kuma cikin abin da ya rubuta game da ita har da tsamiyoyinta. Har yau wanda ya je kasuwarta ta Lahadi sayen tukwane zai ga kukoki da garake kafin ya ga rumfuna. A cikin gidaje ma ba a rasa mangwaro ko gwaiba ko lemun tsami, galibi an dasa shi kusa da inda ruwan alwala da na wanke-wanke ke gangarawa, don kada ruwan ya tafi a banza.

Irin wannan dashe shi ne hadarin farkon damina ya fi samu. Hadarin yakan taso daga gabas, ƙura da iska a gaba, ruwa a baya. Ruwan ya jiƙa rairayi ya saki, iskar ta tura kan bishiyar da ganye ya cika, gari ya waye a tarar da mangwaro ɗan shekara uku ya sunkuya yamma. Nan take gida kan rabu. Wani ya ce a samo waya a janyo shi a ɗaure a jikin katanga ya miƙe yau ɗin nan. Wani ya ce a sare a dasa wani, ai dashe ba ya tsada. Wani kuma ya ce a ƙyale shi, Wanda Ya kwantar da shi Shi zai tayar da shi. Duk wanda ya taɓa zama a inda ake shawara kan yaron da ya fara shaye-shaye, ko almajirin da ya yi sanyi da karatu, ko ɗan'uwan da ya daina zuwa jam'i, ya ji waɗannan maganganu uku da kunnensa, kalma da kalma. Tambayar ita ce: mene ne haƙƙin wanda ya karkata a kan wanda yake tsaye, kuma a ina wannan haƙƙi ya tsaya?

Mai garkar da ya san aikinsa ba ya fara da duban kan bishiya, gindinta yake fara dubawa. Idan ƙasa ta tsage ta ɗaga a ɓangaren da iska ta fito, to saiwa ce ta motsa, kuma a nan aikin yake. Idan ƙasa na nan daram ba ta motsa ba, amma gangar ta lanƙwasa a hankali tsawon watanni, to ba iska ba ce. Wataƙila katanga ko inuwar dogon yaro ce ta tare mata rana, take miƙa wuya inda haske yake. Irin wannan ko an janyo ta sau goma za ta koma, sai an sassabe reshen da ya rufe ta. Wata kuma nauyin 'ya'yanta ne ya rinjaye ta gefe guda. Wata tun a cikin leda aka cuce ta: ta daɗe a wurin masu renon dashe har saiwarta ta nannaɗe kamar gammo, aka dasa ta haka ba a warware ba. Ita kuwa wadda ke shan ruwan alwala, sau da yawa alherin da ake yi mata ne ya raunana ta, domin ruwa kaɗan-kaɗan sau biyar a yini saman ƙasa kawai yake jiƙawa, saiwa kuma inda ruwa yake take zama, ba ta da dalilin nitsewa ƙasa.

Karkata ɗaya ce a ido, amma sababinta ba ɗaya ba ne. Yaron da ya bar gida don babu mai sauraronsa, da wanda abokai suka ja, da wanda aka ɗora wa nauyin da ya fi ƙarfinsa, da wanda aka shagwaɓa har bai taɓa neman komai da kansa ba, duk sunansu ɗaya a bakin unguwa: ya lalace. Wanda ya yi musu magani ɗaya zai dace a ɗaya ne kawai, in ma ya dace. Shi ya sa malaman tarbiyya suke daɗewa suna kallo da tambaya kafin su ba da umarni, har mai gaggawa ya zaci sakaci ne.

Maganar a ƙyale shi ga Allah tana da kamannin tawakkali, amma ba shi ba ne. Imam Ƙushairi a cikin Risala ya kawo daga malaminsa Abu Ali Daƙƙaƙ misalin bishiyar da ta tsiro da kanta babu mai kula da ita, wadda takan yi ganye amma ba ta ba da amfanin kirki. Imam Gazali kuma, wanda ya rasu a 1111, ya yi raddi a cikin Ihya ga masu cewa hali ba ya canzawa, da misalin ƙwallon dabino: ba dabino ba ne tukuna, amma an halicce shi yadda zai iya zama dabino idan ya samu reno, sai dai duk renon duniya ba zai mayar da shi wata bishiya dabam ba. Misalin yana yanka ta fuska biyu. Ya rufe bakin mai cewa reno ba shi da amfani, ya kuma ja kunnen mai renon da yake son ya mayar da ɗansa abin da ba a halicce shi don shi ba. Maganar a sare kuwa ba ta buƙatar dogon raddi. Mangwaro mai aure yakan ɗauki shekara uku zuwa biyar kafin ya fara 'ya'ya, kuma mutum ba a samun madadinsa a kasuwa.

Saura mai waya, shi ne ya cancanci a daɗe a kansa, domin shi ne mai himma a cikinsu, kuma karin magana na bayansa: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Gaskiya ce, amma karin maganar lokaci ta faɗa, ba ta faɗi yadda ake yi ba. Ga yadda ake yi. A jiƙa ƙasar gindin sosai, ko a yi aikin tun ruwan hadarin bai tsane ba. A tone a hankali ta ɓangaren da saiwa ta ɗaga, don ta samu wurin komawa. A kama gangar daga ƙasa-ƙasa, mutum biyu in da hali, a tura sannu, a tsaya, a sake turawa. Idan aka ji ƙarar tsinkewa a ƙarƙashin ƙasa sai a dakata, domin saiwar da ta rage ita ce dukiyar bishiyar, gara ta zauna da ɗan karkata da a miƙar da ita a kan saiwar da ta tsinke. In mai aure ce, a kiyayi gaɓar auren, nan ne wurin da ya fi saurin ɓallewa, kuma kada a binne ta da ƙasa. Sannan a mayar da ƙasa a danne, a rage rassan ɓangaren da ya fi nauyi. Abin da ya fi yi wa mai gida ciwo shi ne a ce ya tsinke 'ya'yan wannan shekara tun suna ƙanana, amma bishiyar da take ɗinke saiwa ba ta iya ciyar da 'ya'ya a lokaci guda. Wanda ya dawo daga ɓata ma haka yake. Ba ranar da ya dawo ake ɗora masa azumin nafila da tsayuwar dare da riƙon shago ba.

Sai turke da igiya. Ana kafa turke biyu nesa kaɗan da gindi don kada su huda saiwa, ko a tokare da gwafa ta ɓangaren da ta sunkuya. Ana ɗaurewa ƙasa-ƙasa, wajen sulusin tsawon bishiyar, da abu mai faɗi da taushi, tsumma ko robar tsohuwar tayar babur, a bar sarari yadda yatsu biyu za su shiga. Waya da siririyar igiyar leda su ne abin gudu, kuma dalilin yana da kyau a san shi. A ƙarƙashin ɓawon bishiya akwai wata siririyar hanya da abincin da ganye ya sarrafa yake bi ya sauka zuwa saiwa. Ganga tana ƙara kauri kowace damina, waya kuwa ba ta buɗewa, sai ta nitse cikin ɓawo ta datse hanyar. Saman wayar ya kumbura, saiwa ta zauna da yunwa. Abin ban tsoro shi ne ganye yakan daɗe yana kore, domin ruwa ta cikin itacen yake hawa, ba ta ɓawo ba. Mai gida yana ganin bishiyarsa a miƙe, kore shar, yana yaba dabararsa, alhali tana mutuwa daga inda ido ba ya kaiwa.

Mutane ma ana yi musu ɗaurin waya, wani lokaci ba da misali ba. A ƙetaren iyaka, a Nijeriya, cikin watan Satumba na 2019, 'yan sanda sun buɗe wani gida a unguwar Rigasa ta Kaduna suka fito da mutane sama da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, kuma a watan Oktoba aka samu irinsa a Daura. Da yawa daga cikinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu. Zai zama zalunci a ce iyayen nan ba sa son 'ya'yansu. Mutane ne da dabara ta ƙare musu, suka ga ɗa yana faɗuwa, suka nemi abin da zai tsayar da shi yau. Amma mari jiki yake tsayarwa. Abin da ake nema ya sauka zuwa zuciya, wato kunya da yarda da son gyaruwa, ta hanyar aminci yake bi tsakanin mai reno da wanda ake reno, kuma wannan hanya ce ɗaurin yake fara datsewa. Ba sai an kai ga ƙarfe ba. Gorin da ake maimaitawa kullum, da bin sawu dare da rana, da tona asirin mutum a gaban baƙi da sunan nasiha, duk suna barin irin wannan tabo.

A nan ya kamata mai gyara ya tambayi kansa tambayar da ba ta da daɗi: don wa ake miƙarwar? Bishiyar da ta ɗan karkata, matuƙar saiwarta ta kama, 'ya'yanta ba su rage zaƙi ba. Idon mai gida ne karkatar ke damu, da abin da baƙo zai ce. Sau da yawa zafin da uba ke yi a kan ɗansa, ko malami a kan almajirinsa, rabinsa tsoron Allah ne, rabinsa tsoron bakin mutane. Rabin nan na biyu shi ne mai gaggawa, domin surutun unguwa ba ya jiran saiwa ta kama.

Dalilin barin igiya sako-sako ya wuce gudun rauni a ɓawo. Bishiya tana buƙatar iska ta kaɗa ta. Wani masanin gandun daji a Ostareliya, M. R. Jacobs, ya wallafa sakamakon wani gwaji a 1954: ya ɗaure wasu itatuwa da wayoyi ta yadda ba sa motsi, ya bar 'yan'uwansu iska na kaɗa su. Waɗanda aka ɗaure ba su yi kaurin gindi kamar sauran ba, kuma da aka kwance su, iskar da sauran suka saba da ita ta riƙa karya su ko ta kayar da su. Kaɗawar ce take sa bishiya ta ƙara itace a inda ake matsa mata, ta kuma ƙarfafa saiwa. Ma'abota hadisi za su tuna da abin da Bukhari da Muslim suka ruwaito daga Ka'abu ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, inda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kamanta mumini da ɗanyen tsiron da iska ke kwantarwa yana tashi, munafuki kuma da ƙaƙƙarfar bishiyar da ba ta rusunawa har ranar da za a tumɓuke ta gaba ɗaya. Istiƙama ke nan ba ƙagewa ba ce. Wanda aka tsare daga kowace jarrabawa, ba a taɓa barinsa ya riƙe kuɗi ba, ko ya yi tafiya shi kaɗai, ko ya yanke shawara ya yi kuskure ya gyara, ba a san ko tsayayye ne ba, shi ma bai sani ba.

Gonakin da ke kewaye da Mirriya suna da shaida a kan wannan. Tun zamanin Sarkin Damagaram Tanimun, wanda ya rasu a 1884, ana ba da labarin tsananin horon da aka tanadar wa mai sare gawo. Bayan fari da yunwar shekarun 1970 da 1980 manoma suka koma ga abin da ake kira sassabin zamani: maimakon a share duk tohon da ya fito a gona, sai a zaɓi mafi ƙarfi a jikin kututture ko tsiro, a sassabe sauran, a bar shi ya tashi. Wani bincike na 2006 ya ƙiyasta cewa gonakin da itatuwa suka dawo ta wannan hanya a yankunan Magariya da Matamai da Mirriya sun kai kimanin hekta miliyan 1, kuma gawo ne ya fi yawa a cikinsu. Ba a bi waɗannan itatuwa da turke ɗaya bayan ɗaya ba, ba zai ma yiwu ba. Sun tsaya ne saboda saiwarsu tana nan a ƙasa tun kafin a ga kansu, a inda ta nemi ruwa da kanta.

Akwai kuma bishiyar da ta wuce miƙarwa. Tsohon mangwaro ko gwaibar da ta shekara goma a karkace, gangarta ta riga ta ƙage a haka, wanda ya ce sai ya janyo ta da ƙarfi ko dai ya tsaga ta ko ya tumɓuke ta. Ba a kuma yasar da ita. Ana samo gwafa mai ƙwari, irin ta ƙirya da gara ba ta saurin ci, a sa tsumma a bakinta, a tokare babban reshe, a rage masa nauyi. Ita kuma bishiyar tana nata aikin a ɓoye: tana ƙara wani itace mai tauri ta saman lanƙwasar wanda yake riƙe ta, sabbin rassanta kuma suna fita suna duban sama ko da gangar na kwance. Dattijon da ya tuba bayan shekara hamsin a kan wani hali, ko mai larurar da ba za ta rabu da shi ba, wannan ne rabonsu daga 'yan'uwa. A riƙe su yadda suke, a daina auna su da ma'aunin ɗan shekara goma sha biyar, a duba inda sabon tohonsu ya fuskanta. Irin wannan gwafa ba a cire ta, sai dai a riƙa duba gindinta kafin kowace damina, a canza in ta ruɓe.

Amma ƙaramar bishiya dole ne a cire mata turke, kuma a nan ne misalin itace ya gaza ɗaukar dukan al'amarin mutum. Turke busasshen icce ne, ba ya jin komai idan an jingina da shi, ba ya jin komai idan an cire shi. Mutum kuwa yana jin daɗin a jingina da shi. Yayan da ya ɗauki nauyin ƙanensa shekara da shekaru, ko attajirin da ya saba ana zuwa ƙofarsa, ko malamin da almajiri ba ya iya sayen akuya sai ya tambaye shi, kowannensu akwai wani lungu a zuciyarsa da ba ya son ranar da za a daina buƙatarsa. Nafsu ba ta zuwa a nan da mummunar fuska, da rigar tausayi take zuwa: bai isa ba tukuna, in na sake shi zai faɗi. Wani lokaci gaskiya take faɗa. Wani lokaci kuma shekara biyar ke nan da ya isa. Wannan ciwo ya fi na mai waya wuyar ganewa, domin kowa yabon mai shi yake yi, har wanda ake cutarwar.

Kada a fahimci cewa sakin yana nufin yanke alaƙa. Ladabin ɗa ga mahaifinsa da na muridi ga shehinsa ba su da ranar ƙarewa, dogaro ga Allah kuwa shi ne ƙasar da saiwar ke ciki, ba turke ba ne balle a yi zancen cire shi. Abin da ake kwancewa igiya ce kawai, wato riƙon da aka yi don wani rauni na wani lokaci. Kuma mai cewa to in ya faɗi fa, yana da hujja, domin wasu suna faɗuwa bayan an sake su, babu mai garkar da zai rantse cewa bishiyarsa ba za ta sake sunkuyawa ba. Sai dai wadda aka bari a ɗaure ma ba ta tsira ba. Gara tana cin turke ta ƙasa, uba yana tsufa, mai kuɗi yana karyewa, malami yana rasuwa, kuma ranar da hakan ta faru ba zaɓenta ake yi ba, takan zo tsakiyar hadari. Kwancewa da gangan, a ranar da iska ba ta da ƙarfi kuma mai reno yana kusa, ita ce damar da ake da ita a ga faɗuwar tun tana ƙarama.

Ga dashe mai shekara biyu ko uku, damina ɗaya zuwa shekara guda ta isa. Wanda ya ɗaure a watan Yuni ya riƙa sassauta igiyar duk bayan 'yan makonni, ya koma ban ruwa mai yawa a tsakanin kwanaki maimakon yayyafin kullum, a ɗan nesa da gindi, don saiwa ta bi ruwan ta nitse ta kuma bazu. Idan iskar hunturu ta wuce, sai ya kwance igiyar, ya kama gangar ya girgiza ta a hankali yana kallon ƙasa. In ƙasar gindin tana motsi tare da gangar, ya mayar da igiyar, ya ƙara mata wata biyu ko uku. In gangar ce kaɗai ke lanƙwasawa tana dawowa, ƙasa kuwa shiru, ya tuge turken ya cike ramin, tun hadarin gabas bai fara haɗuwa ba.

Allah Ya ƙara tsira da aminci ga Shugabanmu Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.